Yaushe Za Ka Gama?

Duk ɗalibin jami'ar da ya dawo gida hutu a ƙasar nan ya san tambayar da ke jiransa tun daga zaure. Kawu zai yi ta, maƙwabci zai yi ta, har liman bayan an sallame magariba sai ya riƙe hannunsa ya ce, "To malam, yaushe za ka gama?" Idan mace ce sai a ƙara mata da, "Ke har yanzu bokon ne? Sa'o'inki duk suna ɗakunansu." Babu mugunta a tambayar, ƙauna ce da ɗoki. Amma a duk shekarun da yaro zai yi yana kai-komo tsakanin gida da makaranta, da wuya a sami mutum ɗaya da zai zaunar da shi ya ce, "Me ka ci jiya da dare? A ina kake kwana? Kana gane abin da ake koya maka? Kana ma son sa kuwa?" A ganina, rashin waɗannan tambayoyin ne tushen mafi yawan nadamar da matasanmu ke fitowa da ita daga jami'a. Mun saba ɗora musu laifinta su kaɗai, alhali kaso mafi girma wasu ne suka ƙulla musu shi, su kuma suka haɗiye suka yi shiru.

Ƙullin yana farawa tun kafin yaro ya taka ƙofar makaranta. A 2025 kusan mutum miliyan biyu ne suka zauna jarabawar JAMB ta neman shiga jami'a, kuma fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Wanda ya tsallake sai ya tarar da wani layin, domin jami'o'in tarayya suna raba gurabensu ne kashi 45 bisa cancanta, 35 ga 'yan jihohin da ke kewaye da su, 20 ga jihohin da aka baro a baya a ilimin boko. Likitanci da lauya da harhaɗa magunguna da jinya kuwa, kowanne yana da adadin da hukumar sana'ar ta ƙayyade wa kowace jami'a. Ga dubban yara sun cike likitanci, ga kujeru 'yan ƙalilan. Sai a watsa sauran: wannan ilimin tsirrai, wancan ilimin dabbobi, wanda ya nemi lauya a ba shi tarihi ko ilimin laburare. Yaron da ya yi shekara biyu ko uku a gida yana maimaita JAMB ba shi da bakin cewa a'a. Kowa zai ce masa, "Karɓi kawai, in ka shiga ka canza." Wanda ya shiga ne ya san wuyar canjin. Sai makinka ya yi sama sosai, sai sashen da kake so yana da gurbi, sai wanda kake ciki ya yarda ya sake ka, kuma sau da yawa sai kana da wanda zai tsaya maka.

Ban raina waɗannan fannonin ba. Ƙasar da noma ke ciyar da ita tana matuƙar buƙatar masanin tsirrai, al'ummar da ke mance asalinta kuma tana buƙatar masanin tarihi. Na ga waɗanda aka jefa su fannin da ba su nema ba, daga baya suka ƙaunace shi har suka zama malamai a cikinsa. Abin da ke damuna shi ne babu mai zama da yaron a makonsa na farko ya nuna masa inda fannin zai iya kai shi. Ana barinsa ya yi shekara huɗu yana jin cewa shi ragowa ne, wanda aka ajiye a nan don an rasa inda za a sa shi. Wani lokaci ma likitancin da ya rasa ba shi ya zaɓe shi ba. Baba ne ya zaɓa tun yana firamare, saboda kowane gida yana son a ce ɗansu likita ne. Yaro mai hannun zane, ko mai kan kasuwanci, ko wanda injin da ya lalace ke hana shi barci har sai ya gano matsalarsa, haka zai sunkuyar da kai ya bi, domin a tarbiyyarmu ɗa na gari ba ya jayayya da mahaifi. Biyayya abu ne mai kyau. Amma mahaifin da ya zaɓa wa ɗansa aikin da zai yi shekara talatin yana yi, ba tare da ya ji ta bakinsa ba, ya ɗauki nauyin da ya kamata ya ji tsoronsa.

Sai yunwa. Waɗanda suka yi jami'a a shekarun 1970 suna ba da labarin wata duniya daban: tikitin abinci, kaza ranar Lahadi, masu wanke zanen gado. A 1978, da gwamnatin soja ta ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini, daga naira ɗaya da rabi zuwa naira biyu, ɗalibai suka fito a faɗin ƙasa suna neman a sauke kwamishinan ilimi na tarayya, Kanal Ahmadu Ali, har aka rasa rayuka a Legas da Samaru. Cikin shekarun 1980 aka janye ciyarwar gaba ɗaya. Na kawo wannan ne saboda da yawa daga masu yanke hukunci a kan jami'o'i yau, da dattawan da ke cewa "ai mu ma mun yi", wancan zamanin ne a ransu.

Ɗalibin yau lissafinsa ziro-wan-ziro ne: babu karin kumallo, a ci da rana, a kwana haka. Abin da ake cin kuma garin kwaki ne da ƙuli, ko garau-garau, ko taliya da mai da yaji. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota daga gida zuwa makaranta kaɗai ya zama abin da ake zaman shawara a kansa, kuma a shekarar ce jami'o'in tarayya da dama suka ninninka kuɗin rajista. Gwamnatin Kano ta ware naira miliyan 700 don biya wa 'yan jihar 7,000 da ke Jami'ar Bayero. Ta cancanci yabo, sai dai abin lura shi ne yara dubu bakwai na jiha ɗaya a jami'a ɗaya ake fargabar ba za su iya biya ba. Ina ga na jihohin da babu wanda ya waiwaye su? Bayan rajistar kuma akwai kuɗaɗen da ba sa cikin takardar da aka nuna wa Baba: handawut, fotokwafi, data, kuɗin sashe, bugun kundin bincike a shekarar ƙarshe. Yaro ya san halin da ya baro gida. Ya san ƙannensa biyar na jiran kuɗin makaranta, ya san Umma ta sayar da akuyarta wancan zangon. Don haka in an kira shi a waya sai ya ce, "Lafiya lau, akwai sauran kuɗi." Daga nan ya tafi ɗinki, ko zaman POS, ko koyar da yaran unguwa, ko jan adaidaita da yamma. Neman na kai ba abin kunya ba ne, amma lokacin da yake yin sa daga cikin lokacin lakca da na barci ake yankowa, kuma sakamakon jarabawa ba ya tambayar dalili.

Bashin karatu na NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai rance, da aka buɗe a watan Mayun 2024 ya rage wa mutane da yawa zafi, ba zan musa ba. Yana biyan kuɗin makaranta, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu kuɗin ruwa, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Amma duk mai zuwa cefane ya san inda dubu ashirin ke tsayawa a wata guda. Kuma bashi ne. Yaron da aka ba fannin da bai zaɓa ba, yanzu zai ci bashi ya karanta shi.

Wurin kwana ma haka. Ɗakin da aka gina don mutum huɗu za ka iske goma a cikinsa, rabi a gado, rabi a ƙasa, wasu suna ɓuya in jami'an makaranta sun zo bincike. Da asuba a yi layin ruwa, a yi layin banɗaki, a ruga ɗakin lakca don kama kujera, domin a darussan da kowa da kowa ke ɗauka wanda ya makara a bakin taga zai tsaya, muryar malami ma ba ta iso shi ba. Wanda bai sami gado a ciki ba sai ya kama haya a waje, irin su Hayin Dogo a Samaru ko Danbare a Kano, inda kuɗin ɗaki kan fi na rajista. A wasu wuraren kuwa zaman wajen ya zama sayar da rai. A Satumban 2023 'yan bindiga suka shiga Sabon Gida suka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen hayarsu, yawancinsu mata, wasu suka yi watanni a daji. Wata bai cika ba aka ɗauke ɗalibai mata biyar na jami'ar Dutsin-Ma, su ma a gidan haya. Da jami'o'in nan suna da isassun ɗakunan kwana a cikin katanga, da yaran ba su kwana a bakin daji ba. Ka yi tunanin yarinyar da ke bitar darasi da fitilar waya, kunnenta na sauraren ƙarar babura, kuma gobe ana sa ran ta rubuta jarabawa da cikakken hankali.

Amma asarar da ta fi ci wa matasa rai ita ce ta lokaci, domin ita ce ba a mayar da ita. Ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta yi yajin aiki na fiye da wata biyar a 2013, ta yi na wata tara a 2020, ta sake yin na wata takwas cur a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wanda ya shiga jami'ar gwamnati a 2019 don karatun shekara huɗu, wata goma sha bakwai aka cire masa yana zaune a gida, ban da rikicewar kalandar da ta biyo baya, inda aka riƙa matse zangon karatu ana gudu don a cimma abin da ya wuce. Ba na cikin masu jibga wa malamai laifin duka. Yarjejeniyarsu da gwamnati da suka riƙa magana a kanta tun 2009 aka sa mata hannu, gwamnatoci suka yi ta shuɗewa ba a cika ta ba, kuma duk wanda ya ga ɗakunan gwaje-gwajen jami'o'inmu ya san kukansu na da tushe. Amma a faɗi gaskiya: a duk wannan ja-in-ja akwai mutum ɗaya da ba a taɓa ba shi kujera a teburin sulhu ba, kuma shi ne ya biya. Malamai sun yi ta fafutukar albashinsu da aka riƙe. Ministoci sun gama wa'adinsu sun tafi. Ɗalibi fa, wa zai biya shi shekara ɗaya da rabi? 'Ya'yan masu yanke hukuncin suna jami'o'i masu zaman kansu ko suna ƙasashen waje, sun shiga tare da shi, sun riga shi fita da shekara biyu.

Shekarun nan kuma suna da farashi. Hukumar hidimar ƙasa, wadda aka kafa a 1973, ba ta ɗaukar wanda ya haura shekara talatin lokacin da ya gama, sai dai ta ba shi takardar yafewa. Bankuna da manyan kamfanoni kan rubuta a tallar aikinsu cewa kada mai nema ya wuce ashirin da shida ko da bakwai. Ɗan ƙauyen da ya fara firamare a makare, ya yi shekara biyu yana neman gurbi, yajin aiki ya ci masa biyu, ranar da ya karɓi kwalinsa an riga an rufe masa ƙofa. Nan ne za ka ga mutumin kirki, mai sallah a sahun farko, ya tafi kotu ya rantse ya rage shekarunsa. Tsarin ne ya tura shi ga ƙarya, sannan mu dawo muna wa'azi a kan lalacewar tarbiyyar matasa.

Duk waɗannan ana iya ganinsu da ido. Wanda ba a gani shi ne abin da ke faruwa ranar da aka liƙa sakamako. Kari-oba, wato darasin da aka faɗi sai an maimaita, ɗaya, biyu, sai maki ya fara zamewa, sai gargaɗi, in abin ya ci gaba sai sallama. A makaranta wannan lissafi ne kawai. A gida kuwa, inda aka riga aka fara kiran yaro "Dakta" ko "Barista" tun yana ajin farko, inda shi ne na farko a zuriyarsu da ya taɓa shiga jami'a, ba shi da kalmar da zai faɗe shi da ita.

Akwai wani da muka zauna ɗaki ɗaya da shi, yaro mai natsuwa, ɗan manomi. An sallame shi a ƙarshen shekara ta biyu, amma bai koma gida ba. Kullum da safe zai yi wanka, ya ɗauki littattafai, ya fita tare da mu, ya yini tsakanin masallaci da gindin bishiya, ya dawo da yamma. Hutu ya yi ya tafi gida da tsaraba, a koma ya dawo da kuɗin rajista da buhun gari. Mu da ke ɗakin mun sani, muka rufa masa asiri, shi kuma yana ramewa a gabanmu, barci ya ƙaurace masa, magana ta ragu. Haka ya yi har abokan shigarsa suka gama. Yayansa ne ya zo duba sunayen masu tafiya hidimar ƙasa, a nan gaskiya ta fito. Mun zaci mahaifinsu zai yi fushin da ba a taɓa gani ba, domin gona ya jinginar saboda karatun. Yayan ya gaya mana tsohon ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya dubi yaron ya ce, "Ashe tsorona kake ji har haka? Da ka faɗa mini tun farko, da kuɗin nan mun buɗe maka shago." Faɗuwar ba ta yi wa dattijon ciwo kamar yadda shirun ya yi masa ba. Kuma wannan ba labarin mutum ɗaya ba ne. Duk wanda ya zauna a hostel ya san irinsa.

Abin da ke cin irin waɗannan yaran yana da suna a asibiti, ciwon damuwa, kuma yana da magani. Amma a wajenmu, matashin da ya ce zuciyarsa ta yi nauyi, ba ya iya barci, ba ya jin daɗin komai, amsar da zai samu ita ce ya rage raki, ya ƙara tawakkali, ko a ce sammu ne ko iska. Na yi imani da addu'a, kuma na san tana sanyaya zuciya. Sai dai wanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar, addu'a muke yi masa mu kuma kai shi wurin likita, ba wanda ke cewa imaninsa ne ya yi rauni. Sai a Janairun 2023 ƙasar nan ta sami sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da aka gada daga Turawan mulki. Jami'o'i da yawa suna da ofishin ba da shawara a rubuce, amma tambayi ɗalibai goma inda yake ka ji amsa. Wanda bai sami mai saurarensa ba sai ya sami mai ba shi wani abu: ƙwayar hana barci lokacin jarabawa, taramol, ruwan kodin da gwamnati ta haramta a 2018 bayan binciken BBC ya nuna yadda ya yi katutu a Kano da wasu biranen. Da yawa daga waɗanda muke kira 'yan shaye-shaye ba da neman nishaɗi suka fara ba. Sun fara ne don su iya kwana suna karatu, ko don su daina tunani na 'yan sa'o'i.

Shirun 'ya mace kuwa ya fi tsada. A 2018 kotu ta ɗaure wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo shekara biyu saboda neman ɗalibarsa da lalata don ya ba ta maki, a 2019 kuma binciken BBC ya bankaɗo irin wannan a Legas da Ghana. Kada mu yaudari kanmu cewa matsalar kudu ce. Mafi yawan malamanmu mutanen kirki ne masu aiki cikin ƙunci, amma baragurbi ɗaya a sashe ya isa ya lalata rayuwar yara da yawa, domin makinsu da kundin bincikensu a hannunsa suke. Me ya sa yarinyar Arewa ba ta kai ƙara? Saboda ta san abin da zai biyo baya. A makaranta za a ce ta kawo shaida. A gari za a ce me ya kai ta ofishinsa. A gida kuma, inda da ma da ƙyar aka bar ta ta tafi, za a ce, "Kin gani ko? Tattaro kayanki ki dawo." Wanda ya yi laifin yana nan a kujerarsa, ita ce za ta rasa karatun. Don haka sai ta zaɓi ta maimaita darasin sau biyu ko uku ba tare da kowa ya san dalili ba, ana yi mata kallon daƙiƙiya. Ga kuma wadda ke zuwa lakca da goyo, ta dafa, ta wanke, ta raini yaro, sannan a auna ta da ma'auni ɗaya da saurayin da ba shi da nauyin kowa.

Ba ina wanke ɗalibai tas ba ne. Akwai nadamar da mutum da hannunsa ya saya. Akwai wanda ya kashe shekarar farko a yawo da hira, yana ganin da sauran lokaci, bai san makin ajin farko ne ke jan sauran ba. Akwai wanda cacar ƙwallo ta cinye masa kuɗin rajista, da waɗanda suka yi watanni a 2024 suna dannar fuskar waya a Hamster Kombat suna jiran arziki. In ka zauna da waɗanda suka gama, abin da suka fi cizon yatsa a kansa kusan iri ɗaya ne: ban koyi wata sana'a ba, ban koyi kwamfuta da kyau ba, ban taɓa karanta littafi ɗaya a fannina daga farko zuwa ƙarshe ba, ban kusanci malami ko ɗaya da zai iya tuna sunana ba, watannin yajin aiki a kwance na yi su. Wannan gaskiya ne, kuma ƙannenmu da ke ciki yanzu su ji shi da kyau.

Sai dai ko a nan ina tambaya: wa ya koya musu cewa haddar handawut daren jarabawa ita ce karatu? Malamin da ke son a dawo masa da kalmominsa yadda ya faɗe su, da ma'aikatar da ba ta duba komai sai darajar digiri, da mu da ba ma tambayar komai sai ranar gamawa. Mun nuna wa yara cewa kwalin ne abin nema, ilimin kuwa in ya samu to. A Disamban 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya nuna yadda ya sami digiri daga wata jami'a a Kwatano ta ƙasar Benin cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba, har aka tura shi hidimar ƙasa da shi, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Kowa ya yi tir da masu sayarwa. Amma kasuwar ba ta ci ba sai da aka sami masu saye, kuma masu sayen daga gidajenmu suka fito, wasu ma iyayensu ne suka biya.

Gyaran da ya fi sauƙi a gida yake, kuma ba ya cin ko kwabo. Uba ya gaya wa ɗansa tun ranar da zai tafi, da bakinsa, cewa in abu ya gagara ya dawo ya faɗa, ba za a kore shi ba, ba za a yi masa gori ba. Uwa ta gaya wa 'yarta cewa in wani ya takura mata, gidan nan bayanta zai tsaya, kuma ba za a cire ta daga makaranta saboda laifin wani ba. Yaya ko kawu ya shirya ko sau ɗaya ya je ya ga ɗakin da yaron ke kwana da tukunyar da yake dafa abinci. A daina kiran ɗan ajin farko da laƙabin aikin da bai kai gare shi ba. A kuma yarda cewa kwalejin kimiyya da fasaha, da ta ilimi, da koyon sana'a a hannun gwani, hanyoyi ne na mutunci, ba wurin da ake jefa wanda ya kasa ba.

Jami'o'i kuma su buɗe ƙofar canjin fanni a ƙarshen shekarar farko, da ƙa'ida a rubuce wadda ɗan talaka zai iya bi ba tare da sanin kowa ba. Kafin a sallami ɗalibi, wani ya zauna da shi ido da ido ya ji abin da ya faru, a kuma nuna masa wata hanyar, ko da sauka zuwa difloma ne. Malami ɗaya ba zai iya lura da ɗaruruwan yara a matsayin mai kula da aji ba, ga lakca ga bincike. A samar da inda ɗaliba za ta kai ƙara wanda ba abokan aikin wanda take ƙara ne kaɗai ke zaune a ciki ba. Kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, da na masu hannu da shuni da ke son a sa sunansu a jikin gini, a fara da ɗakunan kwana, musamman na mata, kafin a yi sabuwar ƙofar shiga mai ado.

Batun shekaru kuwa na gwamnati ne, domin ita ta ci su. A 2023 Majalisar Dattawa ta yi kira da a daina gindaya iyakar shekaru a tallar aiki, amma kira ba doka ba ne, kuma tallace-tallacen suna nan suna fita yadda suke. In har ba za a iya hana su ba, to a tilasta wa ma'aikatu da kamfanoni da hukumar hidimar ƙasa su ƙara aƙalla shekara biyu ga duk wanda yajin aikin 2020 da na 2022 suka rutsa da shi. Sunayensu da ranar shigarsu duk suna cikin rajistar JAMB da ta jami'o'i, tantance su ba zai yi wuya ba. Waɗannan yaran su ne ke yawo da takardunsu a hannu yanzu haka, kuma duk shekarar da aka ƙara ana jinkiri, wasu dubbai daga cikinsu ne ke haure iyakar.